Ka auro mata daga ƙetare? Ga yadda ake yi mata takardun zama da na aiki a Najeriya

Mu nan yankin Kamba da Dole Kaina da Lolo har ka miƙa Kangiwa, auren ƙetare ba baƙon abu ba ne, tun kafin Bature ya ja layi tsakaninmu da Nijar da Binin kakanninmu ke yinsa. Da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da ƴar Gaya ko ƴar Dosso ko ta Dogon Dutsi ko ta Malanbil ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, kasuwa ɗaya muke ci, Dole Kaina ma garin ne sukutum iyaka ta ratsa ta cikinsa. Shi ya sa in an ɗaura aure an kai amarya ɗakinta shikenan, ba wanda maganar takarda ke zo ma a rai.

Ni ma haka na yi. Maiɗakina ƴar Gaya ce, mun shekara shida da aure, yara biyu, ban taɓa tunanin akwai wata takarda da ta rage ba. Tana saida atamfa da turaren wuta a cikin gida, da ciniki ya fara buɗewa mutane sunka koma tiransifa sai ta ce tana son asusun banki nata na kanta, ta gaji da kuɗinta na shiga nawa. Ta shirya ta tafi, can anka ce ta kawo katin shaida, ta miƙa katin ɗan ƙasa na Nijar, anka ce to ina katin zama a Najeriya? Babu. Ta dawo gida da hantsi, ta aje jaka ta zauna bakin gado ko mayafi ba ta cire ba, ta ce min "Baban yara, ashe har yanzu ni baƙuwa ce a garin nan?" Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, don gaskiya ta faɗa kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Daga ranar na fara bin lamarin, abin da na koya shi nake son in faɗa ma ƴan'uwa don kada wata ta sake jin abin da ta ji.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai: aure ba ya mayar da mutum ɗan Najeriya. Ko ta shekara talatin a gidanka ta haifi goma, a wurin doka ƴar ƙasarsu ce har sai an bi hanya. Ƴaƴanku kam ba su da matsala, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in ɗaya daga cikin iyaye ɗan Najeriya ne to yaro ɗan ƙasa ne ta haihuwa, ko nan anka haife shi ko can wajen kakanninsa da ta tafi wankan gida. Amma ita uwar, abu uku ne daban-daban kuma mutane na cakuɗa su: izinin shigowa, izinin zama da aiki, sai zama ƴar ƙasa gaba ɗaya. Kowanne da ƙofarsa.

Ka fara da takardar aure, don duk abin da za ka nema a gaba a kanta zai hau. Mu ɗaurin aurenmu waliyyi ne da shaidu da sadaki, a raba goro da dabino a shafa fatiha, kuma aure ne ingantacce a addini, dokar ƙasa ma ta san da shi. Sai dai jami'in da ke zaune a ofis bai halarci ɗaurin auren ba, takarda zai duba. In a nan gida anka ɗaura, ka je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku kai da waliyyi ko wakilinsa da shaidu biyu, a rubuta maku takardar shaidar aure mai hatimi, da ranar da anka ɗaura da sadakin da anka biya da cikakken sunan kowa. In kuma can Nijar ko Binin anka ɗaura, ofishin magajin gari ke ba da takardar, da Faransanci za ta fito, sai ka kai a fassara ta zuwa Turanci wurin mai fassara da hukuma ta yarda da shi, kada ka ba wani ɗan makaranta ya rubuta maka da biro. Wanda ya auro daga Sudan ko Masar ko Maroko, kamar ɗalibanmu da sunka yi karatu can, tasa da Larabci take, ita ma sai an fassara, kuma tun kana can ka kai ma'aikatar harkokin wajensu da ofishin jakadancin Najeriya su buga mata hatimi. In ka dawo gida ba ka yi ba, aiken takarda ya komo sai ya ci maka watanni.

A nan akwai wani rami da nake son in daɗe a kai, don na ga wanda ya kusa faɗawa. Za ka ji wani ya ce maka kai dai ka je rajista ku yi auren kotu, takardarsu ta fi ƙarfi. Ɗan'uwa ka tsaya ka gane abin da za ka sa ma hannu. Auren rajista, wanda ake sanya sanarwa ta kwana 21 kafin a ɗaura, aure ne na mace ɗaya tak a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya. In kana da uwargida a gida ba ka da damar ka je ka yi shi da wata, in kuma ka yi shi da ta farko ba ka da damar ƙara aure muddin yana nan, kuma dokar ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya haɗa auren rajista da wani aure. Bayan haka yana iya shafar yadda za a warware saki, har ya jawo rigima a maganar gado. To Musulmin da ke da mata biyu ko yake da niyyar ƙari, takardar kotun Musulunci ita ce tasa, ita zai riƙe. Wanda kuma ya san auren rajistan yake so da saninsa, kamar ƴan'uwanmu Kiristoci na yankin Zuru, wannan hanya ce mai kyau gare shi. Abin da ba na so shi ne mutum ya shiga don wani ejan ya ce ya fi sauri.

Sai fasfo. Katin ɗan ƙasa yana wuce da ita a bakin iyaka ta je biki ta dawo, amma in maganar katin zama ake, fasfo na ƙasarsu shi ne abin da za ka fi samun sauƙi da shi. Mu sai da munka je Yamai anka yi mata. Kuma kai ma mijin ka tabbata kana da naka fasfon na Najeriya wanda bai mutu ba, da NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukumarku, don sai ka fara nuna kai ɗan ƙasa ne kafin wata ta samu zama ta dalilinka.

Yanzu ka baje takardun nan duka a kan tabarma ka duba sunaye harafi bayan harafi. Wanga shi ne ƙaramin abin da ya fi kowane ɓata mana lokaci. Rubutun Faransanci daban ne da namu: su Aïchatou suke rubutawa mu Aishatu, su Ousmane mu Usman, su Oumarou mu Umaru, Mahamadou mu Muhammadu. Magatakardan kotu da ya rubuta mana takardar aure da kunne ya ji sunan ya rubuta irin na nan, fasfo kuma ya fito da irin na can, a ido mutum biyu ne daban. Sai da munka koma anka sake rubutawa. Don haka ka ɗauki fasfonta ka aje gaban mai rubutu ka ce yadda yake a nan haka nake so, ko wasali ɗaya kada a canza. Ranar haihuwa ma haka, da yawa daga cikin waɗanda anka haifa a ƙauye takardarsu shekara kawai ta nuna ko a sa masu 1 ga Janairu, to abin da ke cikin fasfo shi za ku riƙe ko'ina, kada yau a rubuta wani gobe wani. In sabanin ya riga ya faru a tsofaffin takardu, a yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen nan na mutum ɗaya ne.

To daga ina take? Nan hanya ta rabu biyu.

In ƴar ƙasar ECOWAS ce, kamar Binin ko Togo ko Gana ko Sanagal, yarjejeniyar 1979 ta ba ta damar shigowa ba biza ta zauna har kwana 90, in dai da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafin shawara. Kwana 90 fa, ba shekara tara ba. Wanda zai wuce haka katin zama na ECOWAS yake nema a ofishin imigireshan na jiha, mu Birnin Kebbi, mutanen Zamfara kuma Gusau. Maganar Nijar kuwa ta canza, kowa ya sani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 anka rufe iyaka sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, sannan ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fita daga ECOWAS a hukumance. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunansu, a bar mutanensu su yi zirga-zirga da zama kamar da har sai an sanar da wani abu. Har sai an sanar. Kalmar nan ita ta sa ni dai shawarata ga duk mai mata ƴar Nijar, kada ya jingina zamanta a kan ECOWAS, ya jingina shi a kan aure, don shi siyasa ba ta taɓa shi. Mun ga yadda anka wayi gari iyaka a rufe, mata na wannan gefe iyayensu na wancan.

In kuma daga wajen yankin take, Sudan, Masar, Saudiyya, Indiya ko Turai, biza za ta nema tun daga can. A tsarin biza da gwamnati ta fitar a 2020 akwai aji na musamman na mijin ko matar ɗan Najeriya, lambarsa N1A, shi za ku tambaya a ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar da take zaune. Kada ka kawo ta da bizar yawon buɗe ido don ta fi saurin fita ka ce in ta iso ma gyara, ko ta riga ta shigo da irinta to kada ka bari kwanakin da anka buga mata su ƙare ba ka kai kanka ofis ba. Tun 2025 anka sa tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta mutu, in abin ya yi tsawo har hana shi shigowa ƙasar ake na shekaru. Ka lissafa dala 15 sau kwana ɗari da canjin yau ka ga abin da zai fito.

Katin zaman da ake ba baƙi sunansa CERPAC. Ma'aikatan kamfanoni dubban daloli suke biya a kansa duk shekara, shi ya sa mutum na jin sunan sai gabansa ya faɗi, amma matar ɗan Najeriya tana cikin waɗanda ake ba kyauta. A ofis za ka ji suna ce ma irinsu "Naija wayif", wato baƙuwar da ke auren ɗan Najeriya ko daga wace ƙasa take. Abin da za ka haɗa: wasiƙa daga kai miji zuwa ga Kwanturola, wato shugaban imigireshan, ka ce wance matarka ce kana neman a ba ta izinin zama kuma ka ɗauki nauyinta da duk abin da ya shafi zamanta a ƙasar, wagga jimlar ta ɗaukar nauyi ita ce zuciyar wasiƙar kada ka manta da ita. Sai wasiƙa daga ita kanta cewa da yardarta take son zama, sai takardar aure, fotokwafin shafin fasfonka mai hoto, nata fasfon da shafin da anka buga mata shigowa, da ƙananan hotuna. Ka ƙara da takardun haihuwar yara na hukumar ƙidaya da hotunan biki in akwai, ba sa cutarwa. Tun 2025 yawancin aikin ya koma intanet, ana cike fom a ɗora takardu a shafin hukumar, to ka fara zuwa ofishin jiha ka tambayi sashen da ke kula da baƙi su nuna maka yadda tsarin yake a ranar, sannan ka zauna da wanda ya iya kwamfuta ku cike tare kana kallo.

Maganar shafin da anka buga mata shigowa, mu mutanen iyaka nan muke da rauni. Amarya a kan mashin ko cikin kwalekwale ake kawo ta ta hanyar da kowa ke bi, ba wanda ya tsaya buga hatimi. In kun yi sabon fasfo, ranar dawowa ku bi ta ƙofar hukuma, Kamba ko wadda ta fi kusa da ku, a buga mata. Minti nawa ne, amma shi ne shaidar ta shigo ta halal.

Ranar da za a kira ku, ku tafi tare. Za a ɗauki hotonta da zanen yatsu, kuma za a yi maku tambayoyi, wani lokaci kowa shi kaɗai: yaushe anka ɗaura, a ina, wa ya yi waliyyi, yara nawa, me mijin ke yi. Ba don a wulaƙanta ku ba ne, akwai masu auren bogi don takarda shi ya sa. Ni na ce ma maiɗakina abin da kika sani ki faɗa, wanda kika manta ki ce kin manta. Jami'ar da ta yi mata tambaya da ta ga Turanci ba ya fita sai ta juya Hausa, ta ce "Hajiya kwantar da hankalinki, ba jarrabawa ba ce." Muka fito tana murmushi.

Duk kuɗin da za ka biya gwamnati ka biya ta banki ko ta intanet ka karɓi rasit. Akwai wani da ya tare ni tun farkon lamarin, ya ce shi ya san hanya in ba shi fasfonta da wasu kuɗi sati biyu an gama. Kuɗin na ba shi, Allah ya taimake ni ban saki fasfon ba, har yau ban ƙara ganinsa ba. Fasfo kada ya bar hannunku sai a gaban teburin jami'i. Ƙananan kashe-kashe kam akwai su, hoto da fotokwafi da kuɗin kotu da na fassara da na mota zuwa Birnin Kebbi sau biyu ko uku, ka tanade su.

Yanzu maganar aiki. Dokar shige da fice ta 2015 ta ce wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai karɓi aiki a wurin wani ba sai da izinin Kwanturola Janar a rubuce, kuma ba zai kafa kamfani ko ya buɗe sana'ar ƙwararru ba sai da izinin minista. Shi ya sa kamfanin da zai ɗauko baƙo sai ya nemi gurbi na musamman daga ma'aikatar cikin gida. Wadda ke zaune ta dalilin aure ba ta wannan layin take bi ba, katinta ne hujjarta. Amma ga abin da nake ba kowa shawara, in ka san matarka za ta yi aikin albashi, ka rubuta a cikin wasiƙarka tun farko cewa tana son yin aiki, in kuma ta samu aikin daga baya ku kai takardar ɗaukar aiki ofishin imigireshan a shigar cikin fayil ɗinta, don mai makaranta ko mai asibitin da zai ɗauke ta ya samu natsuwa ku ma ku samu.

Sannan katin zama ba lasisin sana'a ba ne. In nas ce ko unguwarzoma da ta yi karatu a Yamai ko Kwatano, sai ta yi rajista da majalisar nas-nas da unguwarzoma ta Najeriya kafin ta taɓa majinyaci. Likita sai majalisar likitoci, MDCN, kuma waɗanda sunka yi karatu a waje jarrabawa suke zaunawa. Malamar makaranta sai hukumar rajistar malamai, TRCN. Muna da mata da yawa masu Faransanci a baki zaune a gida, ga makarantu masu zaman kansu na neman mai koyar da shi ido rufe, abin da ya raba su takarda ce kawai, ni wannan na ba ni takaici. Mai ƙaramar sana'a ta cikin gida kuwa, ɗinki, kitso, turare, abincin saidawa, abin da ta fi buƙata shi ne NIN da BVN da layin waya da sunanta. Hukumar NIMC mai ba da NIN tana yi ma baƙon da ke zaune bisa doka rajista, a matsayinsa na baƙo, da katin zamansa za shi. Da NIN ta fito sauran duk sauƙi ne. Ranar da maiɗakina ta ga alat na farko ya shigo wayarta da sunanta, kuɗin turmi biyu ne na atamfa, sai da ta nuna ma duk wanda ke gidan.

Ga kuma gajeriyar hanyar da kowa ya sani, wadda nake roƙon ku don Allah ku bari. A je wurin mai unguwa a ce ƴar nan ce, a karɓo mata takardar ƙaramar hukuma, a yi NIN a matsayin ƴar ƙasa, har katin zaɓe. Ana yi, ba sai an faɗa ba. Amma ƙarya ce aka ɗora rayuwar baiwar Allah a kai, kuma laifi ne a doka, ga wanda ya nema da wanda ya sa hannu. Matar wani kawuna haka anka yi mata shekaru da yawa, ba abin da ya faru sai da ya rasu, ƴaƴanta sunka biya mata Hajji anka je yin fasfo. Tambaya biyu uku, ina anka haife ki, ina mahaifinki yake, wace firamare, tsohuwa ba ta iya ƙarya ba ta faɗi gaskiya. Aikin ya tsaya, shekarar nan ba ta tafi ba, ta yi kuka kamar ranar da mijin ya rasu. Wanda ya shirya takardar yana kabari, ita anka bari da jin kunya. Kuma abin haushin, tana da hanyar halal a buɗe tun farko ba wanda ya nuna mata.

Hanyar ita ce sashe na 26 na kundin tsarin mulki. Ya ce macen da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama ƴar ƙasa, in an gamsu tana da halin kirki, ta nuna nan take nufin zama, ta kuma yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ku lura da "ko ta taɓa aurensa", wato wadda mijinta ya rasu ma ƙofa ba ta rufe mata ba. Ana nema ta ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja, ta shafinsu na intanet, da takardar aure da katin zama da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne da mutanen da za su tsaya mata, jami'an tsaro na DSS su yi bincike, kwamiti ya duba, shugaban ƙasa ya amince sannan a ba da takardar. Yana ɗaukar lokaci sosai, ba abin wata ɗaya ko biyu ba ne, shi ya sa katin zama ke fara zuwa, ana zaune da shi ana jiran wancan. Kuma sashe na 28 bai tilasta ma wadda ta samu ƙasarta ta asali ta hanyar haihuwa ta yar da ita ba, ta ɓangaren Najeriya ke nan, sai ku bincika abin da dokar ƙasarsu ta ce. Ka kuma tambaye ta ra'ayinta tsakani da Allah, wata zama kawai take so ba ta son canza ƙasa, wannan haƙƙinta ne, sashe na 32 ma ya yi tanadin cikakken izinin zama ga irinsu.

Ƴan'uwa mata da ke auren baƙi, ku naku ya fi wuya, gara in faɗa maku yadda yake. Sashe na 26 mace kawai ya ambata. Mijin ƴar Najeriya ba ya samun zama ɗan ƙasa ta dalilin aure, an kai ƙudurin gyara wannan majalisar tarayya a Maris 2022 bai wuce ba. Abin da ke gare shi shi ne matsayin baƙo na musamman, SIS, wanda ma'aikatar cikin gida ke bayarwa, matar ce ke rubuta wasiƙar goyon baya ta kawo shaidar ita ƴar ƙasa ce, shi kuma ya nuna sana'arsa da abin da yake riƙe iyali da shi, in an amince sai ya karɓi katin zama. In yana son zama ɗan ƙasa sai ta sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 a ƙasar. Kuma shekarun da za a lissafa masa su ne waɗanda zai iya nuna shaidarsu a takarda, don haka wanda ya shekara ashirin yana kasuwanci a Jega ko Gusau ba kati, ranar da ya tashi nema zai ga kamar jiya ya zo. Iyaye masu ba da ɗiya ga baƙo, ku tambayi takardunsa kamar yadda kuke tambayar asalinsa da sana'arsa. Ƴaƴan dai ƴan Najeriya ne ta wajen uwa, ku yi masu takardar haihuwa da wuri.

In kati ya fito ku duba ranar mutuwarsa ku rubuta a inda ba za ku manta ba, ku fara neman sabuntawa tun da sauran wata biyu ko uku, haka fasfonta, don in fasfo ya mutu katin ma ba a sabunta shi. Ƴan Nijar na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano, can za ku fara tambaya kafin ku ɗauki hanyar Yamai. In kun tashi daga Kebbi kun koma wata jiha da zama ku sanar da imigireshan. Kowace takarda a yi mata fotokwafi uku a kuma ɗauke ta a waya, saiti ɗaya wurinka, ɗaya wurin wani ɗan'uwanta a can gida, na asalin kuma a hannunta ita, cikin akwatinta, ba cikin durowarka mai makulli ba. Na ga gidan da anka yi saki cikin fushi miji ya riƙe fasfo da kati, mace ta fita da yara uku ba ta da ko takarda ɗaya da za ta nuna a shingen hanya tsakanin Bunza da Kamba.